Zauren Tambaya: Me Ya Sa Mutanen Peru Suka Dawo Da Gunkin Wanda Ya Kashe Musu Sarki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ya damina, ya jama'a? Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kafin Hausa. Kwanakin baya muna zaune a gindin darbejiya bayan la'asar, sai wani abokin aikina ya nuna mana a wayarsa cewa a ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka an dawo da gunkin Baturen da ya ci su da yaƙi tsakiyar babban birninsu, bayan an taɓa ɗauke shi. Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce rashin zuciya ne, wasu suka ce mantuwa ce. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Shin mutanen nan ba su san tarihinsu ba ne? Kuma me ya haɗa su har suke kiran kansu al'umma ɗaya? Ina son in samu abin da zan gaya wa 'yan aji shida.

AMSA: Wa alaikumus salam, malam. Damina sai godiya, geronmu ya fara fitar da kai, tsuntsaye kuma sun fara yi mana sallama.

Abokin aikinka bai yi ƙarya ba. Gunkin na tagulla ne, mutum bisa doki riƙe da takobi, sunansa Faransisko Pizaro. An kafa shi a Lima, babban birnin ƙasar, a 1935, lokacin da birnin ya cika shekara 400 da kafuwa. A 2003 aka tumɓuke shi daga kusa da fadar shugaban ƙasa aka kai shi wani lambu a gefe, sannan a watan Janairun 2025 wani magajin gari ya dawo da shi dab da babban dandalin birnin. Duk lokacin da aka motsa shi sai an yi cacar baki. Wanda ya manta abu ba ya faɗa a kansa, saboda haka mu cire mantuwa daga lissafi. Sun tuna sarai, sai dai kowane ɓangare da abin da ya tuna.

Bari mu koma baya. Kafin zuwan Turawan Sifaniya, akwai daular Inka, hedikwatarta a Kusko, can bisa duwatsun Andis. Ba su da rubutu irin namu na ajami ko boko, amma suna da igiyoyi masu ƙulle-ƙulle da suke kira kipu, da su suke ƙidayar mutane da amfanin gona da haraji. Ran 16 ga Nuwamba 1532, Pizaro da mutum 168 kacal ya kama sarkinsu Atawalpa a garin Kahamarka. Sarkin ya yi alkawarin cika ɗaki guda da zinariya, a kuma cika shi sau biyu da azurfa, don a sake shi. Aka kawo dukiyar, suka narkar suka raba, a watan Yulin 1533 kuma suka kashe shi.

Yaya mutum 168 za su kayar da daula? Akwai dawaki da bindiga da sulke, akwai cututtukan da Turawa suka kawo waɗanda suka riga su isowa. Amma babban abin shi ne Atawalpa bai daɗe da gama yaƙin basasa da ɗan'uwansa Waskar ba, kuma ƙabilu da dama da Inka suka ci da yaƙi, irin su Wanka da Kanyari, sun ga dama ta samu, suka mara wa baƙin baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ma a nan, basasar Tukurawa da Yusufawa ta ƙare a 1895, shekara takwas kafin Turawa su fasa Kano a Fabrairun 1903. Wannan ya nuna maka ko daular Inkan da ake tutiya da ita yau, ba kowa ne jikan masoyinta ba. Ni da kai mun san irin wannan a gida. Ka ambaci Sarki Buhari a cikin garin Haɗeja ka ji kirari, sannan ka ambace shi a wasu ƙauyukan gabashin Kano da dawakinsa suka ratsa. Kakata daga irin waɗannan ƙauyuka ta fito, kuma da sunansa take tsorata mu idan mun ƙi shiga ɗaki da magariba.

Inda muka bambanta da su shi ne daɗewa. Bature ya yi shekara 57 a Kano, ya bar sarakuna bisa karaga, ya bar mu da addininmu da harshenmu, ya tattara ya tafi. Mutanen Sifaniya kuwa kusan shekara 300 suka yi suna mulkin Peru. Sun zauna, sun haifi 'ya'ya da matan ƙasar, sun rushe wuraren bauta sun gina coci bisa harsashin dutsen Inka, harshensu ya zama harshen kotu da makaranta. A ƙidayar 2017, kimanin kashi 60 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kira kansu mestiso, wato ruwa biyu. Kashi 22 sun ce su Kecuwa ne, wato 'yan asalin ƙasa da harshensu shi ne na daular Inka, sai Aimara, da jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, da jikokin 'yan China da Japan. To ka ga mutumin Lima idan ya tsaya gaban wannan gunki, yana iya yiwuwa kakansa na wajen uba yake kallo, alhali kakarsa ta wajen uwa tana cikin waɗanda dokin ya taka. Da harshen Pizaro yake zagin Pizaro. Kuma kafin mu yi musu dariya, a tuna cewa majalisar dokokin jihar Kaduna har yau a ginin da ke ɗauke da sunan Lugga take zama.

Ƙasar ma kanta uku ce a cikin ɗaya. Akwai bakin teku, hamada ce, nan Lima take, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen ƙasar a wannan birni suke. Akwai kan duwatsu inda masu jin Kecuwa da Aimara suke noma da kiwo. Akwai kuma kurmin Amazon. Mulki da kuɗi da jarida duk suna bakin teku.

Mutanen duwatsu ba su kwanta haka kawai ba. A Nuwambar 1780 wani basarake da ya ɗauki sunan Tupak Amaru ya yi tawaye saboda haraji da aikin tilas a ramukan ma'adinai, irin wanda aka kwashi kakanninmu zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila. An kama shi, ran 18 ga Mayu 1781 aka kashe matarsa Mikaela Bastidas da babban ɗansa a gaban idonsa a dandalin Kusko, aka ɗaure shi a dawaki huɗu don su yayyaga shi, abin ya faskara, aka sare masa kai. Abin da hukuma ta yi bayan nan shi ya fi jan hankalina a matsayina na tsohon malamin tarihi: ta haramta sanya tufafin sarautar Inka, ta sa a kawar da zanen hotunan sarakunansu. Sun gane cewa tuna baya ma makami ne.

'Yancin kai da ya zo, daga waje aka kawo shi. San Martin, mutumin Ajantina, shi ya shelanta shi a Lima ran 28 ga Yuli 1821, kuma Sukre, mutumin Benezuwela, shi ya ja rundunar da ta ƙarasa aikin a yaƙin Ayakuco ran 9 ga Disamba 1824. Ga talakan kan dutse, an dai canza tuta. Harajin da ake karɓa daga 'yan asalin ƙasa kaɗai bai gushe ba sai 1854, shekarar da aka hana bauta. Manyan gandaye da masu su ke mallakar ƙasa da mutanen da ke kanta sun ci gaba har 1969, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Belasko ta raba su. Shi ne ya ɗauko hoton Tupak Amaru ya mai da shi tambarin gwamnati, a 1975 kuma ya mai da Kecuwa harshen hukuma. Wanda bai iya karatu da rubutu ba kuwa, ba a tabbatar masa da ƙuri'a ba sai a tsarin mulkin 1979. Ka lissafa da kanka, malam, shekara nawa ke nan daga 1821.

Abin da ake cusa wa yara a makaranta don su ji su 'yan ƙasa ɗaya ne, yawancinsa daga wani yaƙi ne da aka ci su. A 1879 suka gwabza da maƙwabciyarsu Cile a kan hamadar da ke da ma'adinin yin taki da albarushi. Admiral Migel Grau ya mutu a jirginsa mai suna Waskar ran 8 ga Oktoba 1879. Kanar Bolonyesi ya ƙi miƙa wuya a Arika, aka kashe shi ran 7 ga Yuni 1880, kuma wannan rana ce ranar tuta a ƙasar. Sojojin Cile sun shiga Lima a 1881, har ɗakin karatu na ƙasa suka kwashe, sai a 2007 aka dawo da dubban littattafai daga ciki. Jirgin Grau har yanzu yana hannun Cile, 'yan yawon buɗe ido na hawa. Da wuya ka samu gari a Peru da babu titi mai sunan ɗaya daga cikin mutanen nan biyu. Ban ga laifinsu ba. Mu ma ai Sarkin Haɗeja Muhammadu da ya tsaya ya yi yaƙi har ya faɗi a 1906 muka fi riƙewa, ba waɗanda suka buɗe ƙofa ba.

Sai kuma tutiya da Inka. Macu Picu, garin nan na dutse da ke saman tsauni, yana jawo baƙi daga ko'ina a duniya. Bikin rana da ake yi a Kusko duk 24 ga Yuni, a 1944 aka farfaɗo da shi, ana sa wa mutum rawanin Inka a ɗauke shi bisa karaga. Har lemon kwalbar da suka fi so sunansa Inca Kola. Amma jikanyar Inkan ta gaskiya, matar da ta sauko Lima da fatari mai faɗi da kitso biyu tana haɗa Sifaniyanci da Kecuwa, ita ce ake yi wa kallon bagidajiya. Ana son Inkan da ya mutu, ana ƙyamar mai rai. Ka san wannan hali. Ranar hawan sallah kowa na ɗaukar hoton mahaya da 'yan tauri yana cewa al'adarmu, ran Litinin kuma idan ɗaya daga cikinsu ya shiga ofis da faso a ƙafa sai a ce baƙauye ya tsaya a waje.

Abin da wannan raini ya haifar, nan nake son ka fi mai da hankali. Ran 17 ga Mayu 1980, jajibirin zaɓen farko da talakan ƙauye zai jefa ƙuri'a, wasu matasa suka ƙona akwatunan zaɓe a ƙauyen Cusci da ke lardin Ayakuco. 'Yan wata ƙungiya ce mai ra'ayin gurguzu irin na Mao na China, ana kiranta Sendero Luminoso, wato Hanya Mai Haske. Shugabanta Abimael Guzman malamin falsafa ne a jami'ar Ayakuco, kuma ta hannun ɗalibai da malaman makarantun ƙauye aƙidar ta bazu. Sun ce don talaka suka fito, amma talaka suka fi kashewa. Ran 3 ga Afrilu 1983 suka hallaka mutum 69 a Lukanamarka, da adduna da gatura, har da ƙananan yara, saboda ƙauyen ya bijire musu. Gwamnati ta turo sojoji, yawancinsu ba sa jin Kecuwa, duk mai baƙar fuskar rana a idonsu ɗan ta'adda ne. Ran 14 ga Agusta 1985 sojoji suka kashe mutum 69 a Akomarka. Lamba ɗaya, hannu daban. Manomi ya shiga tsaka mai wuya: ya ba waɗancan abinci da dare a kashe shi da rana, ya hana su a kashe shi da dare. A ƙarshe ƙauyuka da yawa suka kafa 'yan sa-kai nasu, kuma su ne suka karya lagon ƙungiyar a kan duwatsu. Ba sai na gaya maka wane yanki na ƙasarmu wannan labari ke tuna mini ba.

Shekara da shekaru mutanen Lima na jin abin kamar labarin wata ƙasa, sai da bom ya tashi a titin Tarata, unguwar masu hali, a Yulin 1992, ya kashe mutum 25. A Satumbar shekarar aka kama Guzman.

Bayan faɗuwar gwamnatin shugaban ƙasa Alberto Fujimori, aka kafa hukumar binciken gaskiya da sasantawa a 2001. Ta shiga ƙauyuka, ta saurari shaidu kusan dubu goma sha bakwai, da yawa cikin harshen Kecuwa. Kafin aikinta, lissafin da kowa ke riƙe da shi shi ne wajen mutum dubu 25 suka mutu. Ran 28 ga Agusta 2003 ta miƙa rahoto, ta ce kiyasinta mutum 69,280 ne suka mutu ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2000. Uku cikin kowane huɗu harshensu na uwa Kecuwa ne ko wani harshen 'yan asalin ƙasa. Kashi 79 cikin 100 mutanen karkara ne. Sama da kashi 40 daga lardin Ayakuco kaɗai. Ta ɗora mafi yawan kisan a kan Sendero, ta kuma ce jami'an tsaro sun aikata ta'asa mai yawa.

Ka tsaya a kan tazarar da ke tsakanin dubu 25 da dubu 69. Mutum sama da dubu arba'in sun salwanta, ƙasarsu ba ta ma lura sun salwanta ba. Da yawansu ba su da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wato a littafin hukuma ba a taɓa haihuwarsu ba balle su mutu. Ranar da na fara karanta wannan, abin da ya faɗo mini a rai shi ne farin 1973, ina saurayi. Na san gidajen da aka rufe a ƙauyenmu, na san waɗanda suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Sunayensu suna bakin tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuma suna ta tafiya.

Rahoton bai kashe gardama ba. Wasu suna ganin Fujimori da sojoji ne suka ceci ƙasa, tone-tone kuma butulci ne. Wasu suna nuna kaburburan da aka binne mutane a jibge. Kotu ta yanke wa Fujimori shekara 25 a 2009 saboda kashe-kashen da wata tawagar sojoji ta yi a zamaninsa, aka sake shi a Disambar 2023, ya mutu ran 11 ga Satumba 2024, daidai ranar da Guzman ya cika shekara uku da mutuwa a kurkuku. An buɗe gidan tunawa da waɗannan shekaru a Lima a Disambar 2015, da taimakon kuɗin Jamus, bayan an daɗe ana jayayya ko ma ana buƙatarsa. Akwai wata kalma a bakinsu, teruko, ɗan ta'adda, da ake jefa wa duk mutumin kan dutse da ya ɗaga murya. Lokacin da aka tsige Pedro Kastiyo a Disambar 2022 bayan ya yi yunƙurin rushe majalisa, shi ma malamin firamare ne na ƙauye kamarka kafin ya zama shugaban ƙasa, mutanen kudu suka fito zanga-zanga. A garin Huliyaka da ke lardin Puno an kashe mutum 18 rana ɗaya. Shugabar da ta gaje shi, Dina Boluwarte, ta buɗe baki ta ce Puno ba ita ce Peru ba. An nemi afuwa daga baya, amma magana zarar bunu ce.

Duk da haka ina jinjina musu a kan abu ɗaya: sun wallafa rahotonsu, kowa na iya karantawa ya yi gardama da shi. Namu kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1999 ya miƙa nasa a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba.

Ka tambayi abin da ya haɗa su. Akwai dankali, wanda a kan duwatsunsu aka fara noma shi a duniya, suna da irinsa dubbai, har suna busar da shi da sanyin dare da zafin rana su adana shekaru kamar yadda muke yi da hatsi a rumbu. Akwai aikin gayya, suna ce masa minka, da ramuwar taimako tsakanin maƙwabta da suke kira aini. Akwai jerin gwanon da suke yi duk Oktoba sanye da shunayya, suna bin wani hoton addininsu da suka gada cewa wani bawa ɗan Angola ne ya zana a jikin bango. Akwai ƙwallo, don lokacin da suka samu shiga gasar duniya ta 2018 bayan shekara 36, na birni da na dutse riga ɗaya suka sa. Waɗannan suna haɗa mutane na kwana ɗaya ko wata ɗaya. A ganina abin da ya fi ɗaure su shi ne gardamar kanta, domin babu mai ɓata numfashinsa a kan gadon gidan da ba nasu ba.

Game da 'yan aji shida, kada ka cika su da shekaru. Ka ba su aikin gida irin wanda na riƙa ba nawa ɗalibai: kowa ya je wajen wanda ya fi tsufa a gidansu ya tambayo abu ɗaya da ya faru a garin wanda babu shi a littafi, ya rubuto da sunan wanda ya gaya masa. Za ka ga yara biyu sun kawo labari ɗaya da fuska biyu, kada ka gyara musu, ka sa su karanta a jere. Wata yarinya ta taɓa kawo mini sunayen mutum bakwai da ambaliya ta ci a unguwarsu kafin a haifi uwarta, kakarta ta jero su ba tare da ta tsaya tunani ba.

Sannan ka ba su labarin mace ɗaya daga Peru. Sunanta Anhelika Mendosa, suna ce mata Mama Anhelika. A Yulin 1983 sojoji suka shiga gidanta a Ayakuco da tsakar dare suka tafi da ɗanta mai shekara 19. Kecuwa ce harshenta. Ta bi bariki, ta bi ofisoshi, ta bi kwazazzabai inda ake zubar da gawarwaki tana juya su ɗaya bayan ɗaya. A can ta riƙa haɗuwa da wasu mata masu irin nata neman, a shekarar suka kafa ƙungiyar iyalan waɗanda aka ɓatar. Ba su da kuɗin yadi, da buhunan fulawa suka ɗinka ƙyallen da suke ɗagawa a titi. Sun kuma buɗe wurin dafa abinci suna ciyar da marayun rikicin. A Agustan 2017 kotu ta yanke hukunci a kan wasu tsofaffin hafsoshin barikin da aka kai ɗan nata. Kwanaki kaɗan bayan haka ta rasu, ba a gano gawarsa ba.